Gudun Jini da Yawan Jini: Ranar da Aka Auna Ƙwaƙwalwata da Hanyoyi Huɗu

Tambayar da ta jefa ni cikin wannan aiki wata uwa ce ta yi mini ita, a ɗakin da muke duba yara masu cutar sikila da na'urar Dofla, wadda ke amfani da sauti wajen auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Na ɗora kan na'urar a gefen kan ɗanta, tsakanin ido da kunne inda ƙashi ba shi da kauri, muna jin ƙarar jinin tana fita daga lasifika kamar hucin iskar hunturu a bakin ƙofa, sai lambar ta haura 200 ta zauna a can. Da na gaya mata cewa lambar ta yi yawa kuma lallai ne likitan yara ya gan shi, sai ta dube ni ta ce: "To Likita, idan jinin yana gudu sosai ba alheri ba ne? Ni na ɗauka ƙarancinsa ne ciwon namu." Ni ma'aikacin sashen ɗaukar hoto ne, amma Likita iyaye suke kiran duk wanda ya sa farar riga. Amsar da na ba ta ita ce wadda aka koya mana: duk wanda ya taɓa ban ruwa da tiyo ya san cewa idan ya danne bakinsa da babban yatsa ruwan zai fita da ƙarfi ya yi nisa, ba don ya ƙaru ba, sai don hanyarsa ta ƙuntata. Ta gyaɗa kai ta ce ta gane. Ni ne na koma gida da tambayar, domin na san cewa na'urar da ke hannuna ba ta taɓa gaya mini yawan jinin da yake isa ƙwaƙwalwar yaron ba. Saurinsa kawai take faɗa, santimita kaza a sakan ɗaya, a cikin jijiya guda wadda ban ma ga faɗinta ba.

Bayan shekara biyu na sami gurbin horo na wata shida a wata cibiyar binciken ƙwaƙwalwa da ke arewacin Turai, na tarar suna tsakiyar wani aiki na kwatanta hanyoyin auna jinin ƙwaƙwalwa a jikin masu lafiya, wato a ɗauki mutum ɗaya a rana ɗaya a gwada shi da na'urori daban-daban, domin a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Aikina shi ne taimakawa wajen Dofla da lissafin sakamako. A mako na uku na roƙi shugabar ɗakin binciken ta sa sunana cikin 'yan sa-kai. Da farko ta ƙi, saboda ƙa'ida ba ta son a ɗauki wanda yake ƙarƙashin mai bincike, don kada jin nauyi ya sa shi amincewa. Sai da wani likita wanda ba ya cikin aikin ya zauna da ni shi kaɗai ya tabbatar cewa ra'ayina ne, aka kuma sharɗanta cewa ba zan taɓa sakamakona ba har sai wasu sun gama lissafinsa sun rufe, sannan aka karɓe ni.

Kafin ranar ta zo, shugabar ta sa ni na koma tushen maganar. Idan masana suka ce kwararar jini a ƙwaƙwalwa, suna nufin mililita nawa na jini yake ratsa giram 100 na naman ƙwaƙwalwa a cikin minti ɗaya, kuma a babban mutum mai lafiya abin yana kusa da 50. Ɓawon waje mai launin toka, inda ƙwayoyin tunani suka taru, yana shan ninki biyu zuwa uku na abin da farin sashen ciki yake sha. Idan aka haɗa duka, wajen mililita 750 ne a minti, kusan kashi 15 cikin 100 na abin da zuciya take turawa, alhali ƙwaƙwalwar ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, tana kuma cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba ta da rumbun ajiya. Idan lambar ta sauko wajen 20 ƙwayoyin sukan yi shiru su daina aiki duk da suna raye, idan ta faɗi ƙasa da 10 sukan fara mutuwa cikin mintuna. Tsakanin waɗannan lambobi biyu likitocin shanyewar ɓarin jiki suke tseren ceto.

Seymour Kety ne ya fara samo wannan lamba a jikin mutum yana farke, shi da malaminsa Carl Schmidt a Jami'ar Pensilbaniya da ke Filadelfiya, a 1945, suka kammala tsarin a 1948. Sukan sa mutum ya shaƙi iskar naitiros oksaid, irin wadda likitocin haƙori ke amfani da ita, kashi 15 cikin 100 na tsawon minti 10, suna ɗibar jini daga jijiyar da ke kai shi da kuma babbar jijiyar wuya da ke dawo da shi daga kai. Da farko ƙwaƙwalwa tana shanye iskar kamar busasshiyar ƙasa, jinin da ke fitowa ya zo da kaɗan. A hankali sai ta ƙoshi, mai shiga da mai fita su daidaita. Daga saurin wannan daidaituwa suka lissafa 54 a samari masu lafiya, bisa ƙa'idar da Bajamushe Adolf Fick ya shimfiɗa tun 1870. Lamba ɗaya ce tak ga dukan ƙwaƙwalwa, ba ta nuna dama ko hagu. Sai a shekarun 1960 Niels Lassen na Denmak da David Ingvar na Suwidin suka riƙa zuba iskar kiribton da zenon masu fitar da haskokin nukiliya cikin jijiyar wuya, suna bin sawunsu da ma'aunai daga bayan ƙoƙon kai, har daga baya aka ga jini yana ƙaruwa a wani yanki na musamman idan mutum ya motsa hannu ko ya yi magana. Abin da na ɗauka daga wannan karatu shi ne cewa tun daga farko babu wanda ya taɓa ganin kwararar da idonsa. Kowa yana sa wata alama ne a cikin jini, ya bi ta, sannan ya yi lissafi bisa wasu zato da ya yarda da su.

Takardar shiri ta hana kofi, shayi, cakulan da lemon kwalba mai kafeyin na tsawon awa 24. Na tambayi nas ɗin ko goro yana ciki, sai na ga ba ta san shi ba. Na fito da ɗaya daga cikin 'yan busassun da na zo da su daga gida na nuna mata, ta bincika ta ga cewa kafeyin ɗinsa ba kaɗan ba ne, aka ƙara shi a takardar. Wannan hani ba tsanani ba ne kawai: kafeyin yana matse ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ke cikin kofi biyu ko uku yana iya rage kwararar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya ci goro tsakanin gwaji biyu zai sa a zargi na'ura da laifin da ba nata ba. An kuma ɗebi jinina domin a san yawan jajayen ƙwayoyinsa, abin da a lokacin na ɗauka al'ada ce kawai, sai daga baya na ga nauyinsa.

Da ƙarfe takwas na safe aka fara da Dofla, kuma wannan ne karo na farko da na kwanta a ƙarƙashin na'urar da na shekara huɗu ina riƙewa. Abokin aikina ya shafa mini jel mai sanyi a gaban kunne, ya saita zurfi a milimita 50, ya fara laluben tagar ƙashi. A dama ya sami jijiyar tsakiya ta ƙwaƙwalwa nan da nan, matsakaicin gudunta wajen santimita 60 a sakan, daidai da na babban mutum mai lafiya. A hagu kuwa sai da ya yi kusan minti 20 yana karkata hannu kaɗan-kaɗan, ƙarar tana zuwa tana ɓacewa. Kusan mutum ɗaya cikin goma ba a samun wannan taga a kansa, abin ya fi yawa a tsofaffin mata da kuma baƙaƙen fata da mutanen Asiya, saboda kaurin ƙashin wurin. Ina kwance ina ji da kunnena yadda lambar take hawa da sauka da ɗan motsin yatsansa, domin na'urar tana karanta cikakken gudu ne kawai idan sautin ya fuskanci jijiyar kai tsaye. Karkatar digiri 30 tana cinye kusan kashi 13 cikin 100. Rune Aaslid, ɗan Norwe da ya ƙirƙiro wannan hanya a birnin Bern na Suwizalan a 1982, ya gano cewa sauti mai ƙarancin kaɗawa, megahaz 2, yana iya ratsa ƙashin, kuma tun daga lokacin sharaɗin bai canja ba: gudu yana wakiltar yawa ne kawai matuƙar faɗin jijiyar bai canja ba.

Daga nan aka shiga abin da na fi fargaba, wato sa kanula a jijiyar wuyan hannu mai bugawa. Likitan ya ce in dunƙule hannu, ya danne jijiyoyin biyu da manyan yatsunsa, na buɗe tafin na gan shi fari fat. Ya saki ta ɓangaren ƙaramin yatsa, cikin 'yan sakanni jini ya dawo ya rufe tafin, abin da ya nuna cewa ko ɗayar ta toshe hannun ba zai rasa jini ba. Ya yi allurar kashe zafi, ya soka, ya ɗaure hannun a kan ɗan katako. Zafin bai kai yadda na zata ba, amma nauyin da na ji a ƙashi ya daɗe. A ɗaya hannun aka sa kanula ta yau da kullum, irin ta ƙarin ruwa.

Na'urar da aka shigar da ni ta haɗa biyu a jiki ɗaya, MRI mai ɗaukar hoto da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 3, da zoben PET mai kama haskokin nukiliya daga cikin jiki a cikinta, kuma wannan shi ne amfanin cibiyar, domin ana iya auna mutum da hanyoyi biyu a sakan guda, ba sai an jira gobe ba lokacin da barcinsa da numfashinsa sun canja. An toshe mini kunne, an tallafe kaina da soso ta kowane gefe, an ɗaura mini abin rufe hanci da baki mai auna iskar da nake fitarwa. Aikin farko na MRI shi ne yanka hoto a wuyana, a gicciye, inda jijiyoyi huɗu masu ciyar da ƙwaƙwalwa suke wucewa, biyu a gaba biyu ta cikin ƙashin wuya. A nan na'urar tana ganin faɗin kowace jijiya da gudun jinin cikinta a lokaci ɗaya, ta ninka su, ta ba da mililita a minti. Abin da Dofla ta rasa ke nan. Sai dai ita ma, kamar ta Kety, jimla take bayarwa. A raba da nauyin ƙwaƙwalwa a sami lamba guda, ba tare da sanin yadda aka rarraba jinin a ciki ba.

Sai na ji murya a kunne tana cewa ruwan yana tahowa. Ruwa ne na gaske, amma oksijin ɗin cikinsa nau'i ne mai lamba 15, mai fitar da haskokin nukiliya, wanda rabin ƙarfinsa yake ƙarewa cikin minti 2, saboda haka ba a sayo shi daga wani gari, dole injin saikulotoron da ke ƙera shi ya kasance a ginin, a haɗa shi a tura shi nan take. Na ji sanyinsa yana hawa damtsena. A daidai lokacin wani ɗan famfo yana jan jini a hankali daga wuyan ɗaya hannun yana bi da shi ta gaban ma'auni, domin a san sakan bayan sakan yawan alamar da zuciya take aikawa sama. Ruwan yana isa kai ya ratsa bangon ƙananan jijiyoyi ya shiga naman ƙwaƙwalwa, kowace ƙwayar zarra da ta fashe tana haifar da haske biyu masu tafiya gabas da yamma, zoben ya kama su ya gano inda suka fito. Wurin da jini ya fi zuwa, nan alamar ta fi taruwa. Wannan hanya, wadda Marcus Raichle da abokan aikinsa suka daidaita a Sen Luwis ta Amurka a farkon shekarun 1980, ita ce alƙaliyar da ake kai sauran gabanta. Haskokin da na sha a dukan alluran ranar ba su kai abin da mutum yake samu daga ƙasa da sararin sama a shekara guda ba, amma duk da haka ba abin da za a yi wa yaro mai lafiya ba ne, ko a maimaita wa mutum kowane wata.

A cikin waɗannan mintuna MRI tana nata aikin da wata ƙara mai kama da injin niƙa. Wannan ita ce hanya ta huɗu, wadda ake kira ASL, kuma ita ce ta fi burge ni, domin ba a zuba komai a jiki. Na'urar tana juya maganaɗisun ruwan da ke cikin jini yayin da yake wucewa ta wuya, na kusan sakan 2, ta jira kusan wasu sakan 2 ya isa, ta ɗauki hoto. Sannan ta sake ɗaukar wani ba tare da juyawar ba. Bambancin hotunan biyu shi ne jinin da ya shigo. Bambancin bai fi kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ake maimaitawa sau da yawa na minti huɗu ko biyar, kuma haɗiyar yawu ɗaya a mugun lokaci tana iya ɓata zagaye guda. John Detre, Donald Williams da abokan aikinsu ne suka fara nuna ta a 1992, a 2015 kuma masana suka haɗu suka amince da tsari ɗaya na yin ta a asibitoci. Rauninta shi ne alamar tana gogewa da kanta cikin 'yan sakanni, saboda haka jinin da ya makara a hanya, kamar na tsoho ko na mai toshewar jijiya, yakan iso bayan an ɗauki hoto, a ce babu shi alhali yana tafe.

Aka jira minti 12 domin alamar farko ta mutu, sannan aka buɗe mini iska mai kashi 5 cikin 100 na kabon dayoksaid. Wannan ne wuri mafi wuya a ranar. Cikin minti ɗaya numfashina ya yi zurfi ba da izinina ba, fuskata ta ɗau zafi, na ji bugun zuciya a cikin kai, ga umarnin kada in motsa. Na riƙa karanta abin da na sani a zuci ina ƙirga ƙarar injin. Iskar tana buɗe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kowane ƙarin milimita ɗaya na ma'aunin matsinta a jini yana ƙara kwarara da kashi 3 zuwa 4 cikin 100, kuma abin da ake son gani shi ne ko hanyoyin za su ga wannan ƙari daidai wa daida. An sake ruwan, an sake ASL, an sake hoton wuya. Da aka fito da ni aka maimaita iskar a ƙarƙashin Dofla. An cire kanular hannu aka danne wurin minti 10 cur, ya bar mini tabo mai duhu na mako guda.

Wata biyu bayan haka aka buɗe mini sakamakona. Taswirar PET da ta ASL sun yi kama ƙwarai a ido: ɓawon waje yana haske, ciki ya dushe, dama da hagu sun daidaita. A lamba kuwa ba su haɗu ba. Dukansu sun faɗa cikin iyakar lafiya, amma hoton wuya ya ba da mafi girma, PET mafi ƙanƙanta, ASL a tsakani. A ƙarƙashin iskar duk sun hau, kowace da nata tsani, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta ƙara buɗewa. Kowane saɓani yana da dalilinsa. Idan jini yana gudu sosai, ruwan PET ba ya samun lokacin fita gaba ɗaya daga jijiya zuwa nama, sai alƙaliyar da kanta ta rage lamba. Ga shi kuma jinin da aka auna a wuyan hannu ba a lokaci ɗaya ya isa can da ƙwaƙwalwa ba, dole a gyara da lissafi. Hoton wuya yana iya ƙara faɗin jijiya idan gefenta bai fita sosai ba. Dofla kuwa ta dogara da cewa jijiyar tsakiya ba ta buɗewa, alhali binciken da aka yi da MRI ya nuna tana ɗan buɗewa idan kabon dayoksaid ya yi yawa, kuma ƙaramin ƙari a faɗi babban ƙari ne a yawan abin da ke wucewa.

Abin da ya fi girgiza ni ya faru ne a gaban kwamfuta. Lissafin ASL yana buƙatar a faɗa masa tsawon lokacin da alamar take ɗauka kafin ta goge a cikin jini, kuma yawanci ana sa sakan 1.65 ga kowa a na'ura mai tesla 3. Amma wannan lokaci ya dogara da yawan jajayen ƙwayoyin jini: mai ƙarancin jini alamarsa ta fi daɗewa. Da na cire lambar kowa-da-kowa na sa wadda ta dace da jinina, sai na ga kwararar ƙwaƙwalwata ta motsa a allo, ba tare da komai ya canja a kaina ba. Nan take na tuna yaranmu, waɗanda jininsu wani lokaci bai fi rabin na mai lafiya ba. Idan aka auna su da zaton da aka gina a kan Baturen da ke da cikakken jini, lambar za ta fito da kyau a takarda, kuma ba daidai ba ce.

A taron mako na nuna jadawalin dukan 'yan sa-kai, ina murna cewa PET da ASL suna hawa tare suna sauka tare. Shugabar ta ce wannan bai isa ba, ta tura ni ga hanyar da Martin Bland da Douglas Altman suka bayyana a 1986. Na fahimce ta ne ta hanyar mudu. Idan mudun wata kasuwa ya fi na wata girma, duk buhun da ya fi yawa a nan zai fi yawa a can, ba za su taɓa saɓawa a kan wane ne babba ba, amma wanda ya saya da wannan ya sayar da wancan zai ga giɓi. Abin da ake dubawa shi ne bambancin awo biyun a kan kowane mutum, matsakaicinsa nawa ne, kuma yaya yake warwatse. Da na zana haka, sai ya bayyana cewa a kan jama'a hanyoyin suna kusa, a kan mutum ɗaya kuwa tazarar tana iya yin faɗin da ba za a ɗauki lambar wannan a sa a gurbin ta waccan ba. Na tambaye ta kai tsaye wacce ce gaskiya. Ta ce in fara gaya mata shawarar da zan yanke da lambar, sannan ta gaya mini na'urar da zan ɗauka.

Na ga ma'anar maganarta a wani dare da na bi likitocin gaggawa. An kawo dattijo wanda ɓarin jikinsa ya shanye, aka yi masa hoton CT tare da ruwan aidin a jijiya, cikin 'yan mintuna taswira ta fito. Ba wanda ya tambayi mililita nawa. Sun duba inda jini ya faɗi ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ɓangaren lafiya, suka ɗauke shi a matsayin wanda ya riga ya mutu, da inda jinin ya makara fiye da sakan 6, wanda ake iya cetowa. Tun bayan manyan gwaje-gwajen da aka wallafa a 2018, irin wannan hoto yana cikin abin da ake dubawa kafin a zaro gudan jini daga jijiya ko da awanni da yawa sun wuce. Awo ne na kwatance, masana lissafi suna da ƙorafi a kansa, amma ya amsa tambayar daren.

Wannan ya mayar da ni ga lambar 200. Ba a samo ta ta hanyar gwada Dofla da PET ba. Robert Adams da abokan aikinsa a Amurka sun bi yara masu sikila ne suka ga su wane ne suka sami shanyewar ɓarin jiki, sannan a gwajin da aka wallafa a 1998, mai yara 130, suka nuna cewa ƙarin jini a kai a kai ga waɗanda gudunsu ya kai 200 ya rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100. Da abin da ya sami yaran aka auna lambar, kuma wannan alƙali ya fi kowace na'ura. A Kano, inda ƙarin jini kowane wata ya fi ƙarfin yawancin iyaye da ma'ajiyar jini, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt sun gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220 masu irin wannan lamba, miligiram 10 ko 20 ga kowane kilo na nauyin yaro, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awon ma yana kare su. Na'urar da ba ta auna yawan jini ko kaɗan, wadda ake ɗauka a jaka a kunna da batir, ita ce ƙofar wannan kariya.

Amma akwai abin da na gyara a bakina. Binciken da aka yi da PET da ASL ya nuna cewa jinin da ke ratsa ƙwaƙwalwar mai sikila ya fi na mai lafiya yawa, domin kowane mililita yana ɗauke da oksijin kaɗan, sai jijiyoyi su buɗe, zuciya ta ƙara turawa, a cike giɓin da yawa. Saboda haka gudun da nake ji a lasifika yana iya zama na ƙuntatar hanya, yana iya zama na jijiyoyin da suka riga suka buɗe iyakarsu ba su da sauran abin ƙarawa ranar da zazzaɓi ya zo, sau da yawa kuma duka biyun ne. Misalin tiyo rabin labarin ne. Matar nan da ta ce ƙarancin jini ne ciwon ta riƙe ɗaya rabin, ni kuwa na ba ta amsa kamar ta yi kuskure.

Da na dawo bakin aiki na ƙara layuka a takardar da muke cikewa: awon jinin yaro na kwanan nan, ko yana da zazzaɓi, ko an yi masa ƙarin jini, ko ya yi barci a lokacin gwaji, ko ya yi kuka. Barci yana tara kabon dayoksaid ya ɗaga lamba, kuka mai tsanani yana fitar da shi ya saukar da ita, abin da na ji a jikina a cikin na'urar nan. A makon farko aka kawo wata yarinya 'yar shekara shida, lambarta ta tsaya a 204 a hagu, jikinta da ɗan ɗumi. Na ce wa mahaifiyarta: "Hajiya, wannan na'ura saurin jini take ji, ba yawansa ba. Saurin nan yana nuna ƙwaƙwalwarta tana wahala wajen samun abin da take buƙata, ko don hanya ta matse, ko don jinin ya yi ƙaranci, kuma akwai maganin da ke rage haɗarin." Ta tambaya ko zazzaɓin yana da hannu, na ce yana iya ɗaga lambar, shi ya sa ba za mu tsaya a kan awon yau kaɗai ba. Na rubuta lambar da zurfin da na same ta da zafin jikin yarinyar, na raka su ɗakin likitan yara a ranar, na kuma ba su ranar Talata ta mako biyu masu zuwa domin mu sake aunawa.